Ja'afaru Mai Dafa Ƙafafun Motoci

Kullum in an sallame asuba, tun masu kabu-kabu ba su fara tada babura a bakin tasha ba, Ja'afaru Maikano ya riga ya buɗe rumfarsa. Zai share gabanta, ya yayyafa ruwa, ya hura gawayi. Tukunya biyu yake ɗorawa. Ƙaramar ta shayi ce. Ɗayar kuwa tsohuwa ce mai baƙin gindi, kuma ba a taɓa cin abin da ke cikinta ba, don ƙafafun motoci yake zubawa a ciki.

Kada mai karatu ya ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Motocin da nake nufi ƙanana ne, girman ɗan akuya sabuwar haihuwa, masu batir, ana tuƙa su daga nesa da wani abin riƙewa a hannu da samarinmu ke kira telekomand. Ba irin na yara ba ne da ake saya ranar salla su mutu kafin la'asar. Waɗannan manyan maza ke wasa da su, masu gemu da iyali. 'Yan kasuwa masu zuwa Lome da Kwatano suka fara shigo da su Dogon Dutsi, sai masu dawowa daga ci-rani. Ran Lahadi da la'asar za ka gan su a filin marmara na gindin dutse, malamin makarantar lakwal da mai shago da ma'aikacin gwamnati, kowa ya cije leɓe yana murɗa abin hannunsa, motoci na tsalle a kan duwatsu kamar an zuba wa kwaɗi ruwan zafi.

Ba leƙe nake yi ba na san safiyar Ja'afaru. Ƙanena Jibo ne ya sanar da ni, kuma ba da niyyar yabo ba. Jibo mai walda ne, shagonsa na fuskantar rumfar Ja'afaru, titi kawai ya raba su. Uwarmu da uban Ja'afaru ciki ɗaya suka fito, don haka su taubasai ne, tun suna tsirara suke zagin juna ba mai rabawa. In kuna son shaida a kan aikin mutum, ku bar abokinsa, shi wani lokaci hankalinsa na wani wuri. Ku nemi wanda ke jin haushinsa. Jibo ya san lokacin da Ja'afaru ke ɗora tukunya da lokacin da yake saukewa, ya san wanda ya shiga rumfar da fuska a murtuke ya fito yana dariya.

"Tobashi, yau mi anka dahwa?" zai ƙwalo daga can. "In kawo akushi?"

"Kawo, bawana," Ja'afaru zai amsa ko ɗago kai bai yi ba. "Ai kai ko tukunyar anka ba ka, taunewa kaka yi."

Abin da ya fi ci wa Jibo rai shi ne, da bakinsa ya tura wa Ja'afaru wannan ɗaukaka. Da motocin suka fara zuwa, ba su jure ƙasarmu ba. Rana ta gasa su, yashi ya shiga cikinsu, marmara ta yi musu duka. Abin da ya fi karyewa shi ne sandunan baƙar roba da ke riƙe taya da jikin mota, waɗanda masu wasan ke kira ƙafafu. Bugu ɗaya, ƙas, kamar busasshen kara. In an aika Yamai neman sabuwa, sai mutum ya manta ya aika. To ina ake kai abin da ya karye a unguwar nan in ba wurin Jibo ba? Shi ke haɗa galma, shi ke haɗa ƙofa, shi ke tada amalanken da ya durƙushe. Suka kawo masa. Ya juya abin a hannu, ya ga roba ce, ya yi tsaki.

"Ni ba ni gyaran kayan yara. Ku kai ma mai rediyo, ga shi can shina gyangyaɗi."

Lokacin kuwa da gaske Ja'afaru gyangyaɗi yake yi. Gyaran rediyo ne sana'arsa tun yana saurayi, wayar hannu ta zo ta kashe masa kasuwa. Ya karɓi motar farko, ya kwance ta ƙusa-ƙusa a kan tire, ya zauna yana kallonta kamar mai karatun allo. Tun daga ranar benci bai sake zama fanko a rumfarsa ba.

Jibo ya ga komai. Ya ga yadda Ja'afaru ke yanka tsohuwar safa ya ɗaure wa injin a baki don iska ta shiga yashi ya tsaya waje. Ya ga ya hana kowa ɗiga mai a kan haƙoran da ke fili, wai mai da yashi in sun haɗu sun zama dutsen niƙa. Ya ga yana ajiye batura a inuwar randa, yana korar duk wanda ya bar nasa a rana da faɗa kamar an bar jariri. Ya ga ranar da Sharif mai shago ya zo da tasa tana ɗigar laka, ta faɗa tabki, Sharif har ya yi mata ta'aziyya, Ja'afaru ya shanya kayan cikinta a faifai ya tashe ta. Ya ga Buba, makiyayi daga wajen Sukukutane, ya sauko daga mota da tasa a cikin zane, saniya ta taka ta don ya ce zai gwada kora garke da ita. Ja'afaru ya gyara, ya ce masa, "Ka gaya ma saniyar ta sake takawa, wanga karo ita za ta ji."

Kuma ya ga al'adar nan tasa da masu motoci ke rufe ido in zai yi. In ya gama gyara, ba ya miƙa wa mai ita. Sai ya ɗaga ta sama da kansa, ya sake ta a ƙasa, tim. In wani abu ya fita, ya koma benci. Cewa yake in za ta karye ta karye a gabansa, kada ta kunyata mai ita a gaban jama'a.

Kai ne, Ja'afaru, wanda bai raina ƙaramin abu ba. An kawo maka wasa, ka riƙe shi kamar amana. Kai ne ka gane cewa mutumin da ya wuni a ofis ko bayan kanta, wannan 'yar motar ce kawai wurin da yake komawa yaro, ka ƙi bari a yi masa dariya.

Duk wannan Jibo zai iya haɗiyewa, da ɗaci da komai. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne Hisham.

Hisham ɗansa ne na fari, majo ne, mai duba marasa lafiya a wani ɗakin shan magani na ƙauye a hanyar Tibiri. Tartsatsin walda ya ci wa Jibo riguna ba adadi kafin yaron nan ya sa farar riga. To shi ma Hisham ya sayi mota, ja, mai manyan tayoyi. In ya zo hutun ƙarshen mako, zai tsaya a ƙofar shagon uban, ko babur bai kashe ba, ya ce, "Baba, sannu da aiki," ya tsallaka titi. Can zai zauna a benci, gwiwarsa na gogar ta Ja'afaru, kansu a haɗe a kan tire, har a kira magariba. Jibo na nan da baƙin gilashinsa yana ƙona ƙarfe, amma ido na can. In an zauna cin tuwo kuwa, "Baba Ja'afaru ya ce kaza, Baba Ja'afaru ya nuna mini kaza." Sai in ga hannun Jibo ya tsaya a cikin kwano.

Wata safiyar Litinin Hisham zai koma aiki, ya fito da motar ya ajiye a gaban uban.

"Baba, don Allah a miƙa wa Baba Ja'afaru. Mutanen Tibiri za su zo Lahadi su gwada mana tuƙi, ni kuma ina aiki har ranar da hantsi. A ce masa ya dafa mata ƙafafu, se tu, shi ke nan."

Ya tada babur ya tafi. Jibo ya daɗe yana kallon motar. Mutumin da rabin ƙofofin unguwa aikin hannunsa ne, yau ɗansa ya mayar da shi ɗan aike. Ya ɗauki motar, ya tura ta ƙarƙashin gado.

Jibo ya daɗe da yanke hukunci a ransa game da tukunyar nan. Ya ga ruwanta yakan yi duhu. Ya ji mata a bakin famfo suna cewa akwai wata doguwa, aljana, a dutse da ke taya Ja'afaru aiki. Shi bai yarda da doguwa ba, amma ya yarda da saiwa. A ƙasar da mutum ke shan magani wuƙa ta ƙi cin sa, me zai hana a jiƙa roba ta ƙi karyewa? Ran Juma'a, ranar kasuwa, ya zagaya ta bayan masu dabbobi don kada a gan shi, ya durƙusa gaban wani tsoho mai baza saiwoyi.

"Na tauri nika so, mai ƙarhi."

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Da hurhurar ga za ka shiga gaban wuƙa?"

"Ba ni ba."

"Ɗa ko jika?"

Jibo ya dubi hagu, ya dubi dama. "Mota."

Tsohon bai yi dariya ba, ya ga abubuwa a kasuwa. Ya ce, "Sha za ta yi ko wanka?"

"Wanka."

Ya ƙulle masa sassaƙe a tsumma. Jibo ya miƙe zai tafi, tsohon ya bi shi da murya: "Kar ta ci miyar kuɓewa!"

A bayan shagonsa, inda ba a hangowa daga titi, Jibo ya kwance ƙafafun motar, ya zuba su a tukunya da sassaƙen, ya hura wuta irin ta maƙera, don shi bai san ƙaramar wuta ba. Sai ga wani da amalanken jaki, gindinsa ya tsage, kaya na jira a kasuwa. Jibo ya ja gilashi ya shiga aiki. Ruwa ya tafasa, ya ƙone, ya ƙare. Wari ne ya tuna masa. Da ya kai, abin da ke gindin tukunya baƙin curi ne guda, ya manne da ɓawon itace.

Daga can tsallaken titi murya ta zo, a hankali, ba tare da dariya ba: "Tobashi, tuwonka ya ƙone."

Jibo ya kife tukunyar. Bayan an sauko daga masallaci ya rufe shago rabi, ya ɗauko ƙarfe. Roba ta ci amanarsa, to zai koma ga abin da ya sani. Ya auna, ya yanka, ya goge. Ni na ga ƙafafun nan da idona, wallahi sun yi kyau, suna ƙyalli kamar awarwaro. Da yamma ya kawo motar tsakar gida, ina zaune ina ɓarar gyaɗa.

"Yaya, duba nan. Wagga ko jirgi ya taka ta ba ta karyewa."

Bai taɓa riƙe telekomand ba. Ya danna da irin ƙarfin da yake riƙe guduma. Motar ta zabura, kaji suka watse, ta tafi kai tsaye ta rungumi turmi. Muka ji ƙara. Ya ruga ya ɗauko. Ƙafafunsa na ƙarfe na nan lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Amma cikin motar, inda suke maƙale, ya tsage, ƙusoshin da ke riƙe su sun fincike da naman robar.

Jibo ya zauna a ƙasa, shi da bai zama a ƙasa ko a gidan makoki.

"Yaya, in yaron ga ya ga wanga, ko cokali ba ya ƙara miƙo mini in gyara."

Na ce, "Tsallaka titi."

Ya ce, "Gara in tahi Yamai da ƙahwa."

Da safe ya tsallaka, motar a cikin buhu.

Akwai abin da Jibo ya sani wanda masu zama a benci ba su lura ba. Ya ga Ja'afaru ya daina neman ƙusa da ido, da yatsa yake shafa tire. Ya ga yana kai abu dab da hanci, yana juyawa wajen haske. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Ranar da Jibo ya fara ganewa, wani abu mai kama da daɗi ya ɗarsa masa, ya yi ta istigfari har ya kwanta. Bai gaya wa kowa ba.

Ja'afaru ya sa hannu a buhun, ya shafa motar tun daga gaba har baya. Ya taɓa ƙarfen, ya taɓa tsagar. Jibo ya ciro curin ya ajiye a tire. Ja'afaru ya shinshina.

"Mi kas sa ciki?"

Jibo ya faɗa, yana kallon ƙasa. Ja'afaru ya yi dariya har hularsa ta faɗi, har ya riƙe ciki, har mai shayi na kusa ya leƙo, Ja'afaru ya kore shi da hannu.

"Ruwa na, Jibo. Ruwan pampo. Dauɗar ƙahwahun ka sa shi duhu. Robar ga ƙishirwa taka ji. Na lura da damina lanƙwashewa sukai su komo, da bazara su karye. Sai nic ce bari in ba su ruwa in gani. Wuta kaɗan, ka sauke, ka bar su su huce a ciki. Shekara da shekaru kana kallona, ba ka taɓa tambaya ba."

"Kai ma ba ka taɓa hwaɗi ba."

"Na hwaɗa ma kowa. Ɗanka ma ya sani."

Wannan ta shiga Jibo fiye da dariyar. Ya nuna ƙarfen da haɓa. "To nawa fa? Ai ba su karye ba."

"Shi ya sa. Ƙahwa ita aka bari ta sha wuya. In ta lanƙwashe ta komo, in ta karye a sake wata. Kai ka hana ta, sai bugun ya wuce ciki ya nemi inda ba a sakewa."

Jibo ya tura motar gabansa. Kalmar ta fito masa kamar ana cire ƙaya. "Gyara mini."

"Ba ni iyawa."

"Tobashi, ba wasa nikai ba."

"Ni ma." Ja'afaru ya ɗaga motar wajen haske ya sauke. "Dahuwa ina yi, ɗaurin ƙusa ina lalubawa. Amma a yanka sabuwar ƙahwa, a huda rami daidai? Ba ni ganin inda zan sa tsinke. Ka sani, ai ka daɗe da sani. Kai za ka yi, bawana. Tashi ka ɗauko min bakin shuɗin durom ɗin can na roba, wurin da ya hi kauri."

Haka suka wuni. Ja'afaru ya rufe rumfa ya bi shi shagon walda, ya zauna a kan tsohuwar taya. Jibo na yanka robar durom da zarto, yana gogewa, yana miƙa masa. Ja'afaru ya shafa ya mayar. "Rage nan. Ka cika kauri, ba galma kaka yi ba." Ya sake miƙawa. "Yanzu ka cinye ta, sake wata." Jibo na zagi ƙasa-ƙasa yana sakewa. Da suka zo kan tsagar ciki, Ja'afaru na shafa ta yana neman dabara, sai Jibo ya ce ai siririn ƙarfe zai ɗaure ta, a huda shi ya riƙe ƙusoshin duka biyu, a ɗora gaba da baya. Ya yanka, ya ɗora, ya zauna cif. Ja'afaru ya shafa ya daɗe.

"Nan ne gidan ƙarhe," ya ce. "Wanga ni ban taɓa tunaninai ba."

Jibo ya yi kamar bai ji ba, amma kunnuwansa sun ji. Sai Ja'afaru ya miƙe, ya ɗaga motar sama da kai.

"Kai! Kai! Mahaukaci!"

Tim. Ta yi tsalle ta zauna a kan tayoyinta. Ba abin da ya fita.

Ran Lahadi mutanen Tibiri suka cika mota guda suka zo, da motocinsu a kwali da bakinsu a buɗe. Hisham ya iso daga aiki kai tsaye filin. Jibo, wanda bai taɓa taka wurin ba, yana tsaye da buhu. Hisham ya karɓa ya zaro motar. Ja ce, ƙafafu shuɗɗa.

"Motar majo ta sa wandon salla!" wani ɗan Tibiri ya ce, aka kwashe da dariya. Ba lokacin tambaya, an riga an jera.

Hanyar da suka shata ta bi ta cikin kwazazzabo, ta hau wani tudun marmara, ta zagayo bishiyar gawo ta dawo. A tudun nan ake mutuwa. Ta farko ta tashi sama ta sauka, tayarta ta yi gabas ita ta yi yamma. Ta biyu ta kife tana ta harba ƙafa. Ta Hisham ta hau da gudu fiye da kima, ta juya a iska, ta faɗo da gefe, ta gangara kan duwatsu tana wuntsilawa. Jibo ya kama hannuna ya matse har na ce wayyo. Ta tsaya a kan tayoyinta. Shuɗiyar ƙafar gaba ta lanƙwashe ta komo. Hisham ya danna, ta tashi da yashi a bayanta. Ba ita ta zo ta fari ba, wani ɗan Tibiri ne ya ci, amma cikin waɗanda suka sha irin wannan faɗuwa ita kaɗai ta dawo da ƙafarta.

Hisham ya sure ta ya rugo. Jibo ya gyara tsayuwa. Yaron ya wuce shi, ko ganinsa bai yi ba, ya tafi gindin gawo inda Ja'afaru ke zaune.

"Baba Ja'afaru! Wallahi se for, aiki ya yi kyau! Ina ka samo wannan dabara?"

Na dubi ƙanena. Fuskarsa ta koma kamar ta wanda aka kira sunansa a taro, ya miƙe, ashe wani ake nufi. Ya fara naɗe buhun da ba komai a ciki.

"Kawo in taɓa," in ji Ja'afaru. Ya shafa ƙafafun kamar bai taɓa sanin su ba, ya ɓata fuska, ya ɗaga murya yadda har 'yan Tibiri za su ji. "Wanga aikina? Zagina kakai gaban baƙi? Shahwa gehen nan ka ji, kamar da haƙori anka yanke. Ni tunda nike ban taɓa yin abu mummuna haka ba. Ga kuma ƙarhe an ɗaura mata a ciki kamar ƙohwar kurkuku. Aikin maƙerin gidanku na. Tahi can ka yi mishi surutunka, ka bar ni in sha iska."

Hisham ya juyo. Ya dubi motar, ya dubi uban.

"Baba? Kai ka yi?"

Jibo ya kawar da kai wajen dutse. "Durom na," ya ce. "Bakin durom."

Yaron ya zo ya durƙusa a gabansa, majo guda da farar rigarsa a cikin jan ƙasa, ya kifa motar yana nuna siririn ƙarfen da yatsa, yana tambaya yaya aka huda, me ya sa gaba da baya. Jibo ya fara amsawa da ƙyar, kalma ɗaya-ɗaya. Can sai ga shi ya tsuguna shi ma, yana zane a ƙasa da tsinke. 'Yan Tibiri suka kewaye su da gawarwakin motocinsu a hannu. Ja'afaru na can gindin gawo shi kaɗai, yana korar ƙuda. Maganar tukunya da sassaƙe kuwa ba ta taɓa fita daga bakinsa ba. Jibo ne da kansa ya ba ɗansa labari daga baya, suka yi dariya har Hisham ya ƙware.

A watan nan Ja'afaru zai rufe rumfa. 'Ya'yansa za su kai shi a duba idon, daga nan ya ce gona zai koma, wajen Sukukutane, ya huta da warin batir. Ba za a yi taro ba, ba mai ba shi takardar yabo, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Kai ne, ɗan kawuna, mai sauke tukunya kafin ta ƙone. Ka gyara abin wasan mutane ba ka taɓa yi musu wasa da shi ba. Ka san abu ba ka ɓoye ba, duk wanda ya tambaya ka faɗa masa. Ranar da yabo ya zo har gabanka da gudu, a lokacin da ido ke barinka kuma kana bukatar a tuna da kai, ka juya shi ka tura wa wanda ya fi ka jin yunwarsa, ka kuma naɗe shi a cikin zagi don ya iya haɗiyewa. Mun gode. Allah ya buɗe maka idanunka, ya sa ka ga geronka da kanka.

Ku kuma masu sana'a, manya da yara, in kun iya abu ku faɗa wa wanda ya tambaya. In kun ga maƙwabci ya iya, ku tsallaka ku tambaye shi tun tukunyarku ba ta ƙone ba. In kuma kun ga mutum na neman faɗuwa a idon ɗansa, ku tare shi yadda Ja'afaru ya yi, ba tare da kun tsaya jiran godiya ba.

Jiya na iske Jibo a shago, Hisham na zaune kusa da shi yana riƙe masa robar durom yana yankawa. Na ce ina rubutu a kan Ja'afaru, ko yana da saƙo. Ya tura gilashinsa goshi, ya aiki Hisham sayen ƙusa, ya jira har ya yi nisa.

"Ki ce mishi har gobe haushinai nika ji," ya ce. "Mota ya hi ni, wanga na yarda. Amma ɗana, Yaya, ɗan da nih haihwa, shi ma sai da tobashi ya miƙo min shi."

Ya ja gilashin ya rufe ido, alhali bai kunna wuta ba.